Lissafi a Gida: Ƙwayar Alkama Ɗaya a Gidan Dara

A wannan wata za mu duba wata lamba mai harufa 20. Ga ta: 18,446,744,073,709,551,615. Kada ku wahal da kanku wajen karanta ta, ko mu ma sai mun ja numfashi.

Asalinta wani tsohon labari ne na ƙasar Indiya, wanda wani malamin tarihi, Ibn Khallikan, ya rubuta a 1256. Wai wani mai hikima ya ƙago wa sarki wani irin dara mai gida 64. Da aka ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gida na fari, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har ƙarshe. Sarki ya raina roƙon. Jimlar ƙwayoyin ita ce lambar nan ta sama. Da za a auna su, sai duniya duka ta yi noman alkama wajen shekara dubu kafin ta biya.

To, ina sirrin? Ku sa yara su gwada da tsakuwa. 1 da 2 da 4 sun zama 7, gida na gaba kuwa 8 ne. A ƙara 8 ɗin, 15 ke nan, na gaba 16. Kullum sabon gida ya kan fi dukan na baya gaba ɗaya da ƙwaya ɗaya tak. Shi ya sa ninki ya ke ruɗin mutum: gida na goma 512 ne kawai, amma na 21 ya wuce miliyan.

Wannan ba wasa kaɗai ba ne. Mun san magidanta da su kan ci bashin buhun gero da damina, su biya biyu da kaka. In aka kasa biya, aka yi ta ninkawa, kaka ta biyar buhu 32 ne, ta goma 1,024. A ganinmu, duk wanda zai sa hannu a irin wannan bashi, ya fara zama da fensir tukuna.

Ita lambar kuma ana iya raba ta ba saura. Tun da ta ƙare da 5, biyar za ta raba ta. Harufanta in an tara su 87 ne, saboda haka uku za ta raba ta, amma tara ba za ta iya ba. Cikin sauran masu raba ta akwai 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Biyu daga cikinsu suna da labari. Wani Bafaranshe, Fermat, ya zaci babu abin da zai raba 4,294,967,297 sai 1 da ita kanta. A 1732 Euler, mutumin Suwizalan, ya nuna 641 sau 6,700,417 ne.

Ga aiki ga 'yan aji shida: ku ninka waɗannan biyu da hannu, ku ga ko Euler ya yi daidai. Ku aiko mana da amsa kafin fitowa ta gaba.