Ilimi ma haja ne, a faɗi inda aka saro shi

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, maganarmu ta yau ta ƴan jami'a ce, amma mu ne masu biyan kuɗin. Da ribar albasa da ta atamfa da ta ƙosai muke tura ɗiyanmu jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. A ƙarshen karatu ɗalibi yakan rubuta kundi, ya kare shi gaban malamai. Yau da yawan abin da suke karantawa daga intanet yake fitowa, daga mujallun da masana ke buga sakamakon bincikensu. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne yaro ya kwaso maganar wani, ya liƙa cikin kundinsa, bai faɗi mai ita ba.

Mu a kasuwa mun san zancen. Mace ba ta biyan kuɗin atamfa ƴar Holan sai ta duba bakin zanen ta ga suna da lamba. Haka ƙa'idar ilimi take. Wanda ya ɗauko magana daga mujalla, wajibi ne ya rubuta sunan mai binciken, da shekarar, da kan maganar, da sunan mujallar, da fitowa ta nawa ce, da shafin. Tun da adireshin intanet yakan sake ko ya ɓace, yawancin waɗannan rubuce-rubuce suna da wata lamba tasu mai farawa da 10, ana ce mata DOI, wadda ba ta sakewa. In babu ita, sai ya sa adireshin da ranar da ya karanta. Da haka malami zai bi sawu ya gani da idonsa.

Bin sawun nan na da amfani, don ba duk abin da aka buga ke tabbata ba. A 1998 mujallar likitoci ta Ingila, The Lancet, ta buga wani bincike da ya sa iyaye tsoron allurar rigakafin ƙyanda. A 2010 mujallar da kanta ta janye shi. Wanda ya san suna da shekara zai tarar an janye, wanda kuwa ya ji "bincike ya nuna" kurum, sai ya yi ta yaɗa ƙarya.

Kada kuma a ɗauka satar rubutu tana ɓoyuwa. A 2011 jami'ar Bayreuth ta Jamus ta karɓe digirin dakta na ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, don ya kwashi rubutun mutane bai ambace su ba, har ya sauka daga muƙaminsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ga kuma sabon tarko: a 2023 wata kotu a Amurka ta ci tarar lauyoyi dalar Amurka 5,000, saboda sun kawo hujjojin da ChatGPT ya ƙago musu, ba su duba ba.

Don haka muna kira ga malaman jami'a su koyar da wannan ƙa'ida tun shekarar farko, kada su bari sai ranar kare kundi. Mu iyaye kuma, ko ba mu shiga lakkwal ba, muna iya tambayar yaro: wannan magana ta wa ce, ina ka saro ta, ka buɗe ka karanta da kanka? Mu yi wa mai tallan magani irin wannan tambaya in ya ce masana sun tabbatar. Kuɗin da muka tara da gumi bai kamata ya sayo takardar da za a iya karɓewa gobe ba. Allah ya sa mu dace.