Ciwon Hantsa: Mu Gyara Hannun Mai Tatsa Kafin Mu Sayi Allura



Duk damina sai wannan magana ta dawo. A yankinmu na Oke-Ogun, daga Iseyin har Saki, da yawa daga cikinmu muna da 'yan shanu, wasu a turke, wasu mun ba da su kiwo a ruga. Da zarar ruwa ya zauna sai a fara jin saniyar wane hantsarta ta kumbura, ta wane tana ba da nono mai gudaji ko jini. Abin da ke biyo baya kullum iri ɗaya ne: a aika yaro kara ya sayo allura. A ganinmu nan ne asarar take farawa.

Ciwon hantsa ba kambun baka ba ne, kuma ba maciji ne ya tsotsi saniya ba. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta ƙofar kan nono. Wasu suna zaune a hantsar saniyar da ta kamu, hannun mai tatsa ko tsumman da yake goge hantsa da shi ne ke kai su ga mai lafiya. Wasu kuma daga taɓo da kashin shanu suke. Bayan an gama tatsa, ƙofar kan nono ba ta rufewa sai bayan kamar rabin awa ko fiye, don haka saniyar da ta kwanta cikin caɓi nan take ta buɗe wa cuta hanya. Ga kaska da ƙuda da ƙaya da kirci masu yi wa fatar rauni, kuma kowa ya san yawan kaskar kudu ba irin na gida ba ne.

Wanda ya fi cin mu shi ne wanda ido ba ya gani. Hantsa ba ta kumbura ba, madara fara tas, amma saniyar da ke cika ƙwarya ta koma rabi, mai ita yana ɗora laifin a kan ciyawa. Irin wannan ya fi mai kumburi yawa a garke. Masu kai madara cibiyoyin tattarawa irin na Fashola da Iseyin sun san ana gwada ta kafin a karɓa. Idan aka dawo da ita, an yi asarar ta saniya mai ciwon har da ta sauran da aka juye a mazubi ɗaya.

Rigakafin kuwa ba ya buƙatar jari. A wanke hannu da sabulu kafin tatsa, a goge kan nono ya bushe, kuma kada tsumma ɗaya ya zagaye garke duka. Tatsar farko daga kowane kan nono a zuba ta a baƙin faranti, gudaji ko ruwa-ruwa zai nuna kansa. Saniyar da ake zargi ita ce ta ƙarshe a layi. Bayan tatsa a tsoma kawunan nonon cikin ruwan aidin da aka yi don haka, a ba ta harawa ko dusa ta tsaya a tsaye na ɗan lokaci. A riƙa sauya makwanci idan ya jiƙe. Masu sayen shanun aure da na Turai don yawan madara su sani sai sun fi mai Bunaji ko Bokolo kula da wannan, domin babbar hantsa ta fi saurin kamuwa.

To, maganar allura. Ba mu ce magani ba shi da amfani ba. Amma allurar oksitetirasaikilin da ake dankara wa kowace saniya a kan kowane ciwo ba dole ta dace da ƙwayar da ke cikin hantsar ba. Akwai maganin da ake matsawa ta kan nonon da ya kamu, akwai kuma wanda ake sawa lokacin da aka daina tatsar saniya, kamar wata 2 kafin ta haihu, wanda shi ne ya fi kawar da tsohon ciwo. Malamin dabbobi ne zai zaɓa. Kafin ya iso, a tatse ɓangaren sau da yawa a yini, a gasa da ruwan ɗumi, a zubar da abin da ya fito inda maraƙi ba zai sha ba. Idan saniya ta daina cin abinci, ko hantsar ta yi sanyi ta fara baƙi, wannan ba na jira zuwa gobe ba ne. Wadda kuma ciwon ke dawo mata kowace haihuwa, gara a kai ta kara, ko da ana sonta.

Abin da ya fi damun mu shi ne sayar da madarar saniyar da ke kan magani. Kwalbar magani takan zo da adadin kwanakin da za a zubar da madarar. Mata masu kindirmo sun san irin wannan madara ba ta kama da kyau. 'Ya'yanmu ne ke shan ta a fura, maƙwabtanmu Yarabawa kuma suna cin ta a wara, sannan ragowar maganin yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi har ya daina aiki a jikin mutum. Mu baƙi ne masu cin abinci da amana, rana ɗaya da aka ce nononmu ba shi da kyau ta isa ta kashe kasuwar mata da yawa. Ko ba magani ma, a tafasa madara kafin a sha, saboda tarin fuka da bakkale.

Shawarar da za mu kawo a zama na gaba ita ce ƙungiya ta sayi faranti mai gurbi 4 da ruwan gwajin da ake kira CMT, wanda ke sa madarar da ke da ɓoyayyen ciwo ta yi yauƙi cikin 'yan daƙiƙu, sannan a gayyato malamin dabbobi ya koyar a ruga. Kuma masu tatsar ne za su zo, mata da samari, domin mu da muke cika kujerun taro yawancinmu ba ma taɓa hantsa.

Sakataren Ƙungiya