Ƙishirwar da ba ta rana ba ce

Ƴan uwa, a Agadas in mutum ya ce ƙishirwa na damunsa, ba mai ɗaga kai ya dube shi. Wa ba ya jin ƙishi a garin nan? Haka muka yi da kawuna. Direba ne, ya shekara da shekaru yana bin hanyar Dirku. Ya riƙa ɗirkar ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga Bilma, da dare ya tashi fitsari sau huɗu sau biyar, ga rama. Muka ce ai rana ce da wahalar hanya. Sai da ƙaya ta soke shi a ƙafa, wata biyu gyambon bai warke ba, sannan aka kai shi likita. Aka ɗiga jininsa a kan ƴar na'ura, lokotoro ya ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Yatsu biyu aka yanke masa. Mota kam ya ajiye ta, gida mai mutum tara ya rasa mai nema.

Ba shi kaɗai ba ne. A ƙididdigar da ƙungiyar duniya mai yaƙi da wannan ciwo, IDF, ta fitar a 2021, manya miliyan 24 ke ɗauke da shi a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su ma sani ba. Mu kuma a nan zafi ya ba shi wurin ɓuya: ƙishirwa, kasala, ganin hazo-hazo, duk rana muke ɗora wa laifi.

To bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, wato fada. Ni ma ɗan fada ne, kuma ba zan ce a kashe gawayi ba, don a bakin butar nan muke jin labarin aiki, a nan ake sasanta rigima. Amma wa ya taɓa ƙirga sukarin da ke shiga butar? A fadarmu, kowace dahuwa kusan kofi guda ake zubawa, dahuwa uku, safe da yamma da dare. In mai dafawa ya rage, a ce masa marowaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kamar giram 50 na sukari a yini, wajen ƙaramin cokali 12, in da hali ma rabin haka. Gwangwanin Coca-Cola guda na da wajen giram 35. Ku haɗa da shayi, da biredin safe, da shinkafa da taliya da suka kori geronmu daga tukunya. Sannan daga Dagamanet zuwa kasuwa ma sai mun tare kabu-kabu.

Kada a ji ni ba daidai ba: shayi shi kaɗai ba ya kawo ciwon. Akwai gado, akwai ƙiba, musamman tumbi, akwai yawan zama. Akwai kuma nau'in da ke kama yara, wanda ba ruwansa da abin da suka ci. Su allurar insulin ce rayuwarsu, ita kuma ba ta son zafi, ku yi tunanin uwar da wuta ta ɗauke mata a watan Mayu. Amma nau'in da ya fi yawa, irin na kawuna, ana iya jinkirta shi ko a kauce masa. Tafiyar minti 30 da sauri, kwana biyar a mako, ta cika minti 150 ɗin da likitoci ke nema.

Awon kuwa bai kai tsawon dahuwar farko ba. Ka je da safe ba ka ci komai ba, a soki yatsa. In ya kai giram 1,26 a lita, sai a sake aunawa don a tabbatar. Wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon, kada ya jira ƙaya ta soke shi. Hukumomin lafiya na jihar nan su ma muna da magana da su: kada awon ya tsaya a ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, a ɗauki hoto a watse. A kai na'urar tasha, inda direbobi da masu tafiya haƙar zinariya a Jado ke taruwa.

Mu dai a fadarmu mun raba sukari biyu. Makon farko an sha zage-zage, wani ma ya riƙa zuwa da nasa a aljihu. Ran Asabar mu bakwai za mu je awo, shi ne ya ce a sa sunansa farko.