Nasiha Ga Malamai Da Fatake A Kan Waƙar Yabon Azzalumi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci harshe, Ya sanya shi amana a wuyan mai shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan nasiha ce zuwa ga malaman allo da fatake da 'yan kasuwa na ƙasar Gobir, tun daga Isa har Sabon Birni, da 'yan'uwa na ƙetaren iyaka, a kan wani kiɗa da ya faɗo hannun samari, da irin maganar da ake ɗorawa a kansa.

Shi wannan kiɗa ba ya bukatar fata ko icce. A cikin kwamfuta ake haɗa shi, sa'an nan yaro ya hau kansa da magana mai sauri, mai ƙafiya. Masu shi suna ce masa hip-hop, Hausawa kuwa suka laƙaba masa gambarar zamani. Asalinsa wata unguwar talakawa ce ta birnin Niyok a Amurka, inda baƙaƙen fata suka fara shi cikin 1973, kuma wanda ake jingina wa farawar haifaffen tsibirin Jamaika ne. A can Jamaika akwai ɗan'uwansa da ake kira dansihol, wanda ya tashi a ƙarshen shekarun 1970, kuma daga zuriyarsu aka sami jangul a Landan a farkon shekarun 1990. Duk gidansu ɗaya: kiɗa mai nauyi a ƙasa, mai magana a bisa yana kirari, kamar yadda sanƙira yake yi a gaban makaɗi. Da ya iso ƙasar Hausa, sai aka sami waɗanda suka yi suna da shi, irin su Ziriums a Kano, da DJ AB a Kaduna, da ƙungiyar Kaidan Gaskiya a Yamai. A bayansu kuwa akwai 'yan koyo da ba su ƙidayuwa, domin duk yaron da ya mallaki waya ya mallaki makaɗa da 'yan amshi a aljihunsa.

To, hukuncin kiɗa mas'ala ce tsohuwa, almajirai sun san ta. Mai Risala ya tsananta a kan sauraron kayan wasa da waƙa. Shehu Usmanu, Allah Ya yarda da shi, wanda aka haifa a ƙasar Gobir ɗin nan cikin 1754, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba bisa wata manufa ta shari'a ba cikin abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙ. Imamu Gazali kuwa, a cikin Ihya'u, ya rarrabe tsakanin sauraro da sauraro, gwargwadon abin da ake faɗi da halin mai ji. Wannan saɓani ba yau zai ƙare ba. Amma akwai abin da babu malami biyu da suka saɓa a kansa, watau yabon azzalumi a kan zaluncinsa. Wannan haramun ne ko da kotso aka yi shi, ko da kwamfuta, ko da baki kaɗai babu kiɗa. Abin mamaki, an yawaita wa'azi a kan mas'alar da ke da saɓani, an taƙaita a kan wadda ba ta da shi, alhali ita ce take cin rayuka.

Mutanen Gobir ba su bukatar a ba su labarin halin da suka shiga. Cikin Oktoba 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, aka rasa fiye da mutum 40, mafi yawansu masu saye da sayarwa. Cikin Disamba na wannan shekara aka ƙone matafiya fiye da 20 a cikin motarsu a ƙasar Sabon Birni. An ɗora wa ƙauyuka haraji kafin su yi noma ko girbi, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. Cikin Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir Alhaji Isa Muhammad Bawa, hakimin Gatawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, cikin Agusta aka sami labarin ya rasu a hannunsu. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya. To, cikin waɗannan shekaru ne aka fitar da waƙar yabon Bello Turji, jagoran 'yan bindigar da sunansa ya fi yawo tsakanin Shinkafi da Isa da Sabon Birni, ta bazu a wayoyi, har yara suna rerawa. Wayar da ta nuna wa duniya dattijo basarake a ɗaure yana roƙon a cece shi, irinta ce take ɗauke da kirarin masu irin wannan aiki.

Kada a gaggauta ɗora laifin a kan Amurka ko Jamaika. Tun kafin samari su ji sunan hip-hop, ƙasar Hausa ta san Gambo mai waƙar ɓarayi, mutumin Fagada ta ƙasar Kebbi, wanda ya shekara da shekaru yana zuga ɓarayi da kiɗan gargajiya, kafin Allah Ya nufe shi da tuba ya bayyana tubarsa. Ashe cutar 'yar gida ce. Abin da baƙon kiɗa ya ƙara mata sauri ne da arha. Da, makaɗi sai ya yi shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin a ji muryarsa, kowa ya san gidansu, kowa ya san wanda zai tsawata masa. Yau waƙa tana fita da dare, kafin azahar ta ƙetare iyaka, ba a san mai ita ba.

A dubi Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu, mai Bakandamiya, wanda har gobe ake alfahari da shi a wannan ƙasa. Ba a ce makaɗan fada ba su da abin zargi. Sun yi zambo, sun ƙara gishiri a yabo, malaman zamaninsu ma ba su ƙyale su ba. Amma wanda suke yabo mutum ne mai haƙƙin jama'a a wuyansa, kuma da kyauta da haƙuri da riƙon talakawa suke yabonsa, har yabon ya zama masa takunkumi, domin in ya saɓa, kowa ya ga saɓawarsa. Yaron da ya tashi da irin wannan waƙa a kunnensa, ya koyi cewa girma yana wurin mai bayarwa. Wanda ya tashi da kirarin ɗan bindiga kuwa, ya koyi cewa girma yana wurin mai ƙwacewa.

Mai cewa ai waƙa ce kawai, iska ce, ya tambayi ɗan dambe abin da kalangu yake yi masa, ya tambayi manomi abin da gangar noma take yi masa ranar gayya. Ɗan bindiga ya sami kuɗi ta hanyar fansa, ya sami tsoro ta hanyar makami, abin da ya rage masa shi ne suna, kuma mawaƙi ne kaɗai yake iya sayar masa da shi. Da sunan nan yake jan yaron da ba ya da gona, ba ya da jari, ba ya da mai kiran sunansa. Saboda haka mai irin wannan waƙa ɗan aike ne na daji, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba.

Hukuma tana da nata aiki, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001. Jamaika, uwar dansihol, cikin Oktoba 2022 ta hana gidajen rediyo da talabijin sanya waƙoƙin da ke ɗaukaka bindiga da damfara da ƙwayoyi. Duk da haka doka tana iya tsare ƙofar gidan rediyo, ba ta iya tsare aljihu, domin waƙa tana wucewa daga waya zuwa waya ko babu layin sadarwa. Wanda yake iya tsare aljihu shi ne maƙwabci da uba da malami da mai rumfa.

Don haka ga abin da ya wajaba. Na farko, ga 'yan kasuwa: mai rumfar cajin waya da tura waƙoƙi ya sani kuɗin da ya karɓa a kan waƙar yabon mai kisa ba ya da albarka, ya share ta daga kwamfutarsa. Direba kada ya sanya ta a motar da wataƙila marayan wanda aka kashe yana ciki. Sarkin kasuwa da shugabannin tasha su yi magana ɗaya a kan wannan, domin kasuwarsu aka ƙone, hanyarsu aka tare.

Na biyu, ga malamai: a riƙa tambayar almajiri abin da yake saurare, kamar yadda ake tambayarsa inda ya tsaya a allonsa. A kira laifin da sunansa a kan mumbari, kada a dunƙule shi cikin zagin kiɗa baki ɗaya, domin yaron da aka ce masa kome haramun ne daidai wa daida, ya daina bambance ƙaramin laifi da babba.

Na uku, ga samari masu baiwar magana: baiwa kyautar Allah ce, ana tambayar mai ita. Ƙarshen Suratus Shu'ara ya zargi mawaƙa, kuma ya keɓe masu imani da aikin ƙwarai daga zargin. Hassanu ɗan Sabitu da waƙa ya kare Manzon Allah, Nana Asma'u da waƙa ta karantar da mata a karkara. Mai son a ji shi, ga zawarawa da marayu, ga gonaki da aka bari, ga masu hijira a ƙasar Maraɗi, duk suna jiran mai faɗin halinsu. Wanda aka tilasta wa yin yabo da bakin bindiga, shari'a ta san uzurin wanda aka tilasta. Amma wanda ya tafi da ƙafarsa don kwaɗayi ba ya da wannan uzuri, sai dai ƙofar tuba, wadda Gambo ya shiga, har yanzu a buɗe take.

Allah Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa, Ya tsare harsunan 'ya'yan Musulmi daga taimakon zalunci. Allah ne Mafi sani. Wassalamu.