A ware takarda tun daga kasuwa

Duk wanda ya tsaya a Tsamiya ko Kaoje bayan kasuwa ta watse ya ga tulin kwalaye: na taliya, na sabulu, na madara, wasu da rubutun Faransanci, tunda daga ƙetaren iyaka, ta Segbana, suka shigo. Ƙarshensu wuta, ko ruwan sama ya ja su cikin kwata. 'Yan jari-bola ƙarfe da roba suke bi, don kwali cin wuri gare shi a mota, a sikeli kuwa ba nauyi.

Amma takarda kuɗi ce in an ware ta. A masana'anta, irin ta Jebba da ke bakin wannan Kogin Kwara da ya ratsa ƙasarmu ta Bagudo, ba a zuba ta gaba ɗaya. Kwali daban, jarida daban, farar takardar ofis daban, ita ta fi tsada. Ana zuba kowace a tanki da ruwa, inji ya dama ta sai ta koma kamar kunu, rariya ta tare leda da salatif da ƙananan ƙarafa. Da wannan kunun takardar ake yin sabon kwali da kiret ɗin ƙwai. Abin da ke ɓata aikin shi ne maiƙo. Takardar da aka naɗe tsire ko ƙosai ta tashi aiki, tana kuma lalata wadda ta taɓa. Jiƙaƙƙiya kuwa fumfuna take yi kafin ta isa.

Akwai abin da ya fi damuna. Inji bai iya karatu ba. Bai san littafin lissafi ba, bai san shafin da ke ɗauke da aya ba. Na sha ɗaga takardar ƙosai in tarar da Bismillah a jiki, ko takardar asibiti da sunan matar wani da ciwon da ke damunta. Wannan warewar ba ta masana'anta ba ce, tamu ce, kuma hannu ke yin ta.

Roƙona ga sarakunan kasuwa: a ba kwali rumfa guda mai rufi, a buɗe shi, a shimfiɗa, a ɗaure dami-dami, sai ya cika mota sannan a kira dillali. Malaman makaranta da na asibiti, don Allah kada tsofaffin takardu su fita sai an duba su. Masu ayoyi a kai wa liman, ya binne su ko ya ƙone su a wuri mai tsarki. Masu sirrin mutane a yayyage su tukuna.