Kamu A Adjamé Da Treichville: Awa 48 Da Ke Yanke Wa Mutum Hukunci Kafin Ya Ga Alƙali

Duk wanda ya san kasuwar Black Market ta Adjamé ya san wayar salula na iya sauya hannu sau uku kafin la'asar. Wani ya kawo, ɗan kasuwa ya saya ya sayar, bayan mako biyu 'yan sanda su biyo sawu su ce ta sata ce. Daga nan sai komisariya, bisa zargin karɓar kayan sata. Haka abin yake ga mai shago a Treichville da ya sayi 'yan katan na kaya da aka ce daga tashar jiragen ruwa suka fito, ba tare da rasit ba. Da yawa daga cikin shari'un da ke cin 'yan'uwanmu Hausawa a Abijan irin waɗannan ne, kuma galibi tun a kwana biyun farko ake yin asararsu.

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 27 ga Disamba 2018 Kwaddibuwa ta yi sabuwar dokar tsarin shari'ar laifuka. A ƙarƙashinta ɗan sanda ko jandarma ba shi da ikon tsare wanda ake zargi fiye da awa 48, sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, shi ma awa 48 kawai zai iya ƙarawa. Wanda aka tsare yana da ikon a sanar da danginsa, likita ya duba shi, kuma ya nemi lauya tun a matakin bincike. Sashe na 7 na tsarin mulkin 2016 ma ya fi wannan ƙarfi, domin ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin mara laifi har sai kotu ta tabbatar, ya kuma wajabta a gaya wa wanda aka kama dalilin kama shi da haƙƙoƙinsa nan take, cikin harshen da yake fahimta.

To, a nan gizo ke saƙar. Yaron da ya baro Tawa ko Maraɗi bara, yana sayar da garba ko tsire a bakin titi, Faransancinsa bai wuce na ciniki da ba da canji ba. Za a yi masa tambayoyi da Faransanci ko da guntun Dyula, a buga bayaninsa a takarda da Faransancin shari'a wanda ko mai sakandare sai ya karanta sau biyu, sannan a ce ya sa hannu ko ya dangwala. Shi a zatonsa takardar sallama ce. Ya ce "na saya," takarda ta ce ya amsa cewa ya san asalin kayan. Wannan takarda ita ce za ta riga shi isa teburin mai gabatar da ƙara a kotun Plateau, kuma idan aka bi da shi ta hanyar shari'ar gaggawa, wadda ake yi wa wanda aka ce an kama dumu-dumu, cikin 'yan kwanaki zai tsinci kansa gaban alƙali. Yana da ikon neman tafinta, yana da ikon neman a ɗage zaman ya shirya kāriya, amma wa ya gaya masa?

Idan kuma aka miƙa maganar ga alƙalin bincike, sai zaman jiran shari'a. Dokar 2018 ta yanke masa iyaka: wata 6 ga matsakaitan laifuka, ana iya sabuntawa har wata 18, manyan laifuka kuma wata 8 har zuwa 24. Ta kuma ba alƙali damar barin mutum a gida bisa sharuɗɗa, yana zuwa sa hannu. Amma wanda ba shi da cikakkun takardu ko tsayayyen adireshi, kamar masu kwana a shago, da wuya ya sami wannan sassauci, don ana ganin zai gudu. Sai a wuce da shi gidan kason Yopougon da aka fi sani da MACA, wanda aka gina domin mutum 1,500 amma ya daɗe yana ɗauke da ninkin-ba-ninkin haka. Laurent Gbagbo kansa, da duk manyan lauyoyinsa, an kai shi Hague a Nuwamba 2011, ba a wanke shi ba sai Janairu 2019. Ina ga mai tura baro?

Sai dai mu ma da namu laifin. Da an kama mutum, abin da muka iya shi ne a taso mai unguwa ko wani dattijo a je a ba da haƙuri, a yi karo-karo a miƙa wa ɗan tsakani da ya ce ya san manya. Wani lokaci a dace, sau da yawa kuwa kuɗin su tafi, awa 48 ta cika, takarda ta riga ta wuce. Masu kiran waya a shirinmu na rediyo kan ce lauya sai mai kuɗi. Gaskiya ne da tsada, amma abin da ake zubawa a hannun 'yan tsakani sau da yawa ya isa a ɗauki lauya. Bugu da ƙari, tun 2016 aka tanadi ofishin taimakon shari'a a kowace kotun matakin farko domin marasa hali, ko da yake neman yana da tafiyar hawainiya. Baƙo kuma yana da ikon neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, bisa yarjejeniyar Biyana ta 1963.

Kada kuma a sa rai da kotun Afirka da ke Arusha, domin a Afrilu 2020 gwamnati ta janye amincewar da ke ba ɗaiɗaikun mutane damar kai ƙararta can kai tsaye. Abin da ya rage a hannunmu shi ne na kusa. Ƙungiyoyinmu na Adjamé da Treichville suna da asusun jana'iza da na mai da mara lafiya gida, kuma ba su taɓa gazawa ba. Ba abin da zai hana su ƙulla yarjejeniya da lauya guda a shekara, su ware matasa uku ko huɗu masu Hausa da Faransanci da za su riƙa raka shi komisariya, a liƙa lambar wayarsu a ƙofar kowane masallaci da bakin tasha.