Na'urar neman zinari da jar ƙasar arewacin Zamfara

A watan Disambar 2024 ne gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ɗage haramcin da ta sanya a kan haƙar ma'adinai a jihar Zamfara, bayan shekaru fiye da biyar. Kafin shekara ta zagayo, farashin zinari a kasuwannin duniya ya haura dala 3,000 kowane oza a watan Maris na 2025, sannan ya zarce dala 4,000 a watan Oktoba.

Ga manomin da rashin tsaro ya raba da gonarsa a Zurmi, ko ɗan kasuwar da cinikinsa ya ja baya a Shinkafi, ko matashin da ya gama karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda yake zaman jiran aiki, waɗannan abubuwa biyu sun isa su sa mutum ya fara lissafin sayen na'urar nan ta gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, wadda ta yi suna a hamadar Sahara.

To sai dai kuɗin da ake magana a kai ba ƙanana ba ne. Na'urar da ta amsa sunanta kan kai dubban daloli, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, wannan na nufin sayar da gona, ko shanu, ko kuma haɗa jarin mutane da yawa wuri guda. Saboda haka tambayar wace na'ura za a saya tana da nauyi, amma akwai wadda ta riga ta, wato ko zinarin da ke ƙasar Zamfara irin wanda na'ura ke iya ji ne.

Daga Sudan zuwa Djado

Labarin na'urar a wannan yanki na Afirka ya faro ne daga Sudan, inda wajejen 2009 da 2010 dubban mutane suka bazu cikin hamada da ita a hannu. Daga nan guguwar ta isa tsaunukan Tibesti na ƙasar Chadi a 2013, ta shiga Djado da Tchibarakaten a arewacin jamhuriyar Nijar a 2014, ta kuma kai Mauritaniya a 2016. Hausawa da dama sun bi wannan hanya ta Agadez, wasu sun dawo da abin hannu, wasu da bashi. Gwamnatin Nijar ta rufe Djado a 2017.

Abin da ya sa na'urar ta yi tasiri a can a bayyane yake. Ƙasa ce da iska ta shafe dubban shekaru tana kwashe yashin samanta, ta bar curin zinari kusa da doron ƙasa, kuma wuri ne da ba a noma, ba a kafa garuruwa ba, balle a zubar da tarkacen ƙarfe. Idan na'ura ta yi kuka a irin wannan fili, akwai kyakkyawan zaton cewa abin kirki ne.

Zamfara ba haka take ba. Zinarin jihar, wanda aka fi sani a yankunan Anka da Maru da Bukkuyum, wato kudu da yamma da ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, yawancinsa yana cikin jijiyoyin farin dutse ne da suka ratsa tsofaffin duwatsu. Akasarinsa ƙanana ne ƙwarai, kamar gari, sun sarƙe a cikin dutsen.

Bala'in gubar dalma na 2010 shi kansa shaida ne a kan haka. Dalilin da ya sa mutanen Bagega da Dareta da 'Yargalma suka riƙa kai duwatsu cikin gidaje suna niƙawa shi ne ba a iya raba zinarin da dutsen sai an mayar da shi gari. Ƙurar niƙan, mai ɗauke da dalma, ita ce ta kashe yara aƙalla 400, kamar yadda ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana.

Irin wannan zinari na'ura ba ta jin sa. Ita curi take nema, wato dunƙulen ƙarfe guda ɗaya mai ɗan girma. Za a iya tara mata buhun dutse mai ɗauke da giram da yawa na garin zinari ta wuce shi shiru, alhali ƙusa ɗaya mai tsatsa za ta sa ta ƙara. Akan sami curi a gangaren tudun da jijiyar dutse ta rududduge, da kuma gefen tsofaffin magudanan ruwa, kuma nan ne kaɗai na'urar ke da aikin yi.

Marmara da baƙin yashi

Ko da an dace da wurin da ke da curi, sai an shawo kan ƙasar kanta. Jar ƙasa da marmara, waɗanda suka mamaye tuddai da yawa a ƙasar Hausa, launinsu ya samo asali ne daga sinadarin ƙarfe. Haka ma baƙin yashin nan da ke taruwa a gindin ƙwarya idan ana wankin zinari, wanda maganaɗisu ke kamawa. Na'urar tana aiki ne ta hanyar tura igiyar maganaɗisu cikin ƙasa daga faifan da ke ƙarshen sandarta, ta saurari abin da ya dawo. Idan ƙasar gaba ɗayanta tana amsawa, muryar ƙaramin curi sai ta nutse a cikin hayaniya.

Na'urorin da ake sayarwa sun kasu gida biyu ta wannan fuska.

Kashi na farko su ne waɗanda ake kira VLF, masu tura igiyarsu ba ƙaƙƙautawa. Ba su da nauyi, ba su cin batir sosai, kuma akan same su a ƙasa da dala 1,000. Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher na Amurka da Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab na Ostareliya, wadda ta fito a 2017, suna cikin wannan rukuni. Suna jin ƙananan curi da ke kusa da sama, kuma suna iya bambanta baƙin ƙarfe da sauran ƙarafa gwargwado. Rauninsu shi ne jar ƙasa mai ƙarfi. A nan zurfin jinsu yakan ragu matuƙa, kuma kowane ɗan dutse mai sinadarin ƙarfe sai ya sa su yi kuka.

Kashi na biyu su ne PI, masu aiki da bugu. Na'urar takan saki bugu ɗaya mai ƙarfi, ta yi shiru na ɗan ƙanƙanin lokaci, sannan ta saurara. Amsar da ƙasa ke bayarwa da ta ƙarfe ba sa mutuwa da sauri iri ɗaya, kuma da wannan bambanci ne na'urar ke tace hayaniyar ƙasa. GPX 4500 da GPX 5000, waɗanda suka cika Sahara a shekarun guguwar, irin waɗannan ne, kuma an ƙera su ne da jar ƙasar Ostareliya a zuciya, wadda ta yi kama da tamu. Su ne suka fi dacewa da marmara, amma sun fi tsada nesa ba kusa ba. GPZ 7000, wadda ta zo da wata fasaha ta daban a 2015, ta shigo kasuwa ne a kan kusan dala 10,000.

Akwai kuma wani aibi na PI da dillalai ba su cika ambata ba: ba ta ƙware wajen bambanta ƙarafa ba. A ƙasar da aka shafe ƙarnuka ana noma da ƙira da yaƙi, kamar tsohuwar ƙasar Zamfara, wannan na nufin mai ita zai wuni yana tono guntun fartanya, da kashin tama na maƙeran da, da gwangwani. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin wani abu da ke sa ta kuka a dazukan yankin, wato kwanson harsashi.

Duk wadda aka zaɓa, abin da ya fi muhimmanci a jikinta shi ne madaidaicin ƙasa, wato tsarin da ke sa ta saba da ƙasar wurin har ta daina jin ta. Wanda bai iya saita shi ba, na'urar dala 5,000 da ta dala 500 duk ɗaya ne a hannunsa. Girman faifai ma yana da tasiri: babba ya fi nutsawa amma yana tsallake ƙananan curi, ƙarami kuma ya fi natsuwa a ƙasa mai hayaniya da tsakanin duwatsu.

Jabu da yaudara

Game da zurfi kuwa, gaskiyar ba ta da daɗin ji. Curin da bai kai giram ɗaya ba sai yana cikin 'yan santimitoci kaɗan daga sama ake jin sa, kuma da wuya na'ura ta ji wani abu da ya wuce zurfin mita guda, in ba dunƙule mai girman gaske ba. Duk wanda ya ce na'urarsa na ganin zinari a zurfin mita 20, ko tana nuno shi daga nisan kilomita da wasu sanduna masu juyawa da kansu, to kayan yaudara yake sayarwa.

Ba talakawa kaɗai irin wannan yaudara ke ci ba. A 2013 wata kotu a London ta ɗaure James McCormick shekaru 10 saboda sayar da na'urar bogi mai sanda da ya ce tana gano bama-bamai daga nesa. Iraƙi da Nijar na cikin ƙasashen da suka saya.

Sai kuma matsalar kwaikwayo. Kamfanin Codan, mai mallakar Minelab, ya bayyana a 2015 cewa an sace zanen na'urorinsa ta hanyar kutse a kwamfuta, aka riƙa ƙera jabunsu a China ana kai su Afirka, lamarin da ya taimaka wajen faɗuwar ribarsa daga dalar Ostareliya miliyan 45 zuwa kimanin miliyan 9 cikin shekara guda. Jabun sun yi kama da na ainihi har kwali da tambari. Kariyar da mai saye ke da ita ba ta wuce ya bi ta hannun dillalin da kamfani ya amince da shi ba, ya tantance lambar na'urar, sannan ya binne ɗan curin da ya san nauyinsa a cikin jar ƙasa ya gwada. Gwajin da ake yi a cikin shago, a kaɗa zobe a gaban faifai, ba ya nuna komai, domin ba a iska matsalar take ba.

Doka da daji

Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 da dokar ma'adinai ta 2007 sun damƙa dukkan ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. Ɗage haramcin bai sauya wannan ba. Mallakar na'ura ba izinin nema ba ne, kuma mallakar gona ba mallakar abin da ke ƙarƙashinta ba ne. Izini yana fitowa ne daga ofishin rajistar ma'adinai na tarayya, kuma hanyar da aka tsara wa ƙananan mahaƙa ita ce su haɗu a ƙungiyar gama kai su nemi lasisin ƙaramin haƙa. Tun daga watan Maris na 2024 akwai runduna ta musamman daga hukumar tsaron farin kaya ta NSCDC da aka kafa domin kama masu haƙa ba da izini ba.

A fiƙihun Malikiyya ma, wanda shi ne abin bi a yankin, al'amarin ma'adinai yana komawa ga shugaba ne. Malaman mazhabar sun kuma bambanta zinarin da aka tace daga dutse da wahala, wanda ake fitar wa zakka da zarar ya kai nisabi ba tare da jiran shekara ba, da kuma tsantsar curin da aka tsinta cikin sauƙi, wanda ake fitar wa humusi. Wane ɓangare ne curin da na'urar dubban daloli ta gano ya faɗa, tambaya ce da mai nema zai kai wa malaminsa.

Amma babban cikas a arewacin Zamfara shi ne wanda ke riƙe da dajin. Gwamnati ta sanya haramcin ne a watan Afrilun 2019 bisa zargin alaƙa tsakanin haƙar zinari da 'yan bindiga, ta sake jaddada shi a watan Maris na 2021 tare da hana jirage shawagi a samaniyar jihar bayan sace 'yan matan Jangebe. Hare-haren ba su tsaya ba. A watan Yunin 2021 an kashe mutane fiye da 50 a ƙauyukan Zurmi, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya bayan an rufe kasuwannin mako, ciki har da ta Shinkafi da ke tara fatake daga nesa. Ministan ma'adinai Dele Alake, da yake sanar da ɗage haramcin, ya amince cewa matakin ya bar fage ne ga masu haƙa ta haramtacciyar hanya.

Mai neman zinari da na'ura yana tafiya ne a hankali, kansa a sunkuye, kunnuwansa a toshe da abin sauraro, a wuraren da jama'a ba sa bi, ɗauke da kayan da kowa ya san darajarsu. Da wuya a sami wanda ya fi shi saukin kamu. Kisan mahaƙa fiye da 30 a Bindin ta ƙaramar hukumar Maru a watan Nuwamban 2016 ya nuna cewa ko taron jama'a ba kariya ba ne.

Duk da haka bai kamata a yi watsi da alfanun na'urar ba. Wanda ke tsintar curi a sama ba ya niƙa dutse a tsakar gida, ba ya ƙona zaiba, ba ya kuma shiga rami mai zurfi irin wanda ya rufta da mutane aƙalla 18 a yankin Ɗan Issa na jihar Maraɗi, can tsallaken iyaka, a watan Nuwamban 2021. Ga ƙungiyar gama kai mai lasisi, wadda ta riga ta wanke yashin wuri da ƙwarya ta tabbatar akwai zinari mai kauri a cikinsa, na'urar PI guda ɗaya da mutum ɗaya da ya ƙware a kanta za su iya biyan kuɗinsu, har su nuna inda jijiyar dutsen take. Ƙwaryar wankin ce ke fara ba da wannan amsa, kuma kuɗinta bai kai na batirin na'urar ba.